Kwanon Taliyar da Ya Rage

Duk wanda ya taɓa bi ta tashar jiragen ruwan tsibirin Ishigaki da safe ya san muryar Tomiko Maezato, ko da bai san fuskarta ba. Mace ce gajera mai kauri, fatarta ta sha rana har ta gaji, amma in ta buɗe baki daga wannan ƙarshen tasha sai masu gyaran koma a wancan ƙarshen su ɗago kai. A gonar abarba aka haife ta. Ta yi ƙuruciyarta a masana'antar da ake ɗura abarba a gwangwani, inda ƙarar inji ta koya mata magana da ƙarfi. Daga nan ta auri masunci, ta koma sayar da kifinsa a kasuwa, murya ta ƙara samun wurin miƙe ƙafa. Mijin nan ya ƙare rayuwarsa kaf a kan teku, ya zo ya mutu a kan katifa da ciwon suga, abin da har yau Tomiko take ganin rainin hankali ne.

Ita kanta ba ta iya iyo ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Mu teku wurin neman abinci ne, in an je bakinsa hutu sai a nemi inuwa a gasa nama. Baƙi ne ke biyan kuɗin jirgin sama su zo su kwanta rub da ciki a kan ruwa, tabarau a ido, bututun numfashi a baki, suna leƙen kifin da mu za mu soya anjima.

Ɗanta Seiken ne ya gane cewa leƙen kifi ya fi kamun kifi riba. Bayan rasuwar uban sai ya rabu da kwale-kwalensu na kamun kifi, ya samo jirgi mai hawa biyu, ya shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, ya kafa lasifika a kowace kusurwa, ya maƙala wani abin zamiya da ƙato da gemunsa zai hau ya sulalo cikin ruwa yana ihu. Shi ke tuƙi. Matarsa Chiharu, 'yar Osaka da ta zo hutu ta ƙi komawa, ita ke shiga ruwa da baƙi. Tomiko kuwa aikinta biyu ne, tukunya da kiran suna.

Kiran sunan nan ba wasa ba ne a wurinta. Duk lokacin da aka fito daga ruwa, kafin a kwance jirgi, sai kowa ya zauna. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta kira sunan mutum, ya amsa da bakinsa, ta dafa kafaɗarsa, sannan ta wuce. Ba ta karɓar "yana nan" daga bakin wani. Ta sha buga ƙofar bayin jirgi sai na ciki ya amsa, ta sha girgiza wanda giya ta kayar. Chiharu takan yi ƙorafi cewa abin yana kashe wa mutane nishaɗi, an zo shagali an koma aji. Tomiko takan ce mata, "Ke kin iya shiga ki ɗauko mutum. Ni ban iya ba, shi ya sa ba na barin kowa a ciki."

Ranar da nake ba da labari, ƙarshen zafi ne, wani kamfanin sayar da tayil daga Nagoya ya ɗauki jirgin gaba ɗaya. Mutum talatin da 'yan kai, duk cikin riguna shuɗɗa iri ɗaya da aka ɗinka don tafiyar. Shugabansu, dattijo mai farar hula mai suna Murase, tun kafin ya taka jirgi an riga an shimfiɗa masa tawul a kujerar sama. Mai kai da kawowa a tsakani shi ne Hattori, wanda aka ɗora wa shirya tafiyar, siririn mutum mai gumi a goshi tun rana ba ta yi ba. Kana ganinsa ka san bai rintsa ba tun da aka ba shi aikin.

Tomiko tana kiciniyar hawa da tukunyar romo sai ta ji an kama ɗaya kunnen. Wani mutum ne mai furfura, da tabarau mai kauri, kafaɗunsa sun ɗan ranƙwafa.

"Iya, kawo in kama miki."

"Kai baƙo ne, je ka zauna ka ci kuɗinka."

"Ni ɗaukar kaya ne aikina, a sito nake. In ban ɗauki wani abu ba hannuna ƙaiƙayi yake yi."

Suka shigar da tukunya tare. Ya ce sunansa Kuwabara, ya fi shekara talatin a kamfanin, baɗi zai ajiye aiki. Sai ya sassauta murya kamar mai tambayar abin kunya, ya ce shin da gaske ne ana ganin kunkurun teku a nan? Shi bai taɓa gani ba sai a talabijin.

"Suna nan kamar kaji," in ji Tomiko. "In mun tsaya, ka duba bayan goran robar nan mai yawo a kan ruwa da muke ɗaure jirgi, inda ruwa ya fara duhu. Can suke kiwo. Kar dai ka yi nisa."

Ya yi godiya har da sunkuyawa, ya je ya zauna a ƙarshen benci, kusa da kwandon shara.

Suka isa bakin duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwa rana tana tsaka. Seiken ya ɗaure jirgi a goran roba, Chiharu ta raba tabarau da takalman iyo, ta sa kowa ya ɗaura jar rigar da ke hana nutsewa. Aka yi ta faɗawa ruwa ana shewa. Kiɗa na tashi, ana fasa gwangwanayen giya duk da an ce sai an fito. Chiharu tana jan wata taya da waɗanda ba su iya iyo ba suka maƙale a jiki, tana nuna musu kifi masu zane-zane. Tomiko ko kallo ba ta yi ba, ta ga wannan sau ba adadi. Tana can tana yanka wainar kifi da naman alade siri-siri, tana jera kwanoni daidai da kawunan da suka hau da safe.

Da ruwa ya fara janyewa Seiken ya busa ƙaho, aka fara hawowa ana ɗiga. Tomiko ta goge hannu za ta fara aikinta, sai ga Hattori ya tare ta a bakin kicin.

"Iya, don girmanki, wata alfarma nake nema."

"Ina jin ka."

"An ce kina kiran suna, kina dafa kafaɗa."

"Ba ƙarya aka faɗa maka ba."

"To kin ga, Shugaba ba a kiran sunansa a gaban ma'aikata, balle a dafa shi. In aka kira shi kamar ɗan firamare, ni zan kwana a ciki."

"Sai in tsallake shi. Ai ga shi can ina ganin hularsa."

"In kin tsallake shi kin kira shugabannin sassa, su ma za su ce an raina su. Iya, bar min mutanena in ƙirga. Aikina ne, don shi aka turo ni."

Ya haɗa ƙafafu, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya tsaya a haka. Mutane suka fara juyowa. Ni dai na san Tomiko ba ta tsoron faɗa. Da ihu ya yi mata, da ta mayar masa ninki biyu ta kuma kira sunan har na Shugaban. Amma mutum ya sunkuya maka haka a bainar jama'a ka ce a'a, ka mare shi ke nan a gaban waɗanda zai koma ofis da su. Kunya ta kama ta, ita da ake cewa ba ta da ita. Daga sama Seiken ya leƙo.

"Inna, ƙyale shi mana. Kamfani ne, sun san kansu."

Ta ce to, ta koma kan tukunyarta, ranta bai so ba.

Hattori kuwa ya yi ƙirgensa yadda suke komai a ofis. Ya je wurin shugaban sashen ciniki ya ce, "Naku sun cika?" Wancan ya waiga ya ce sun cika. Ya je wurin na sashen kuɗi, ya je wurin na sashen talla, kowa ya duba nasa ya ce sun cika. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ya dawo ya ɗaga wa Seiken babban yatsa. A daidai lokacin aka miƙa wa Shugaba makirufo, ya miƙe da kofi a hannu ya fara jawabin godiya ga ma'aikata, muryarsa tana fita ta kowace lasifika. Seiken ya kwance igiya, ya tada inji a hankali don kar ya katse shi, suka juya suka nufi wani lungu mai lafiyayyen ruwa a bayan tsibiri, inda ake cin abinci.

Tafiyar da ɗan nisa. Jawabi ya ƙare, aka tafa, aka buɗe kwalaben awamori, barasar tsibirinmu da baƙi ke sha kamar ruwa sai ta nuna musu ita ba ruwa ba ce. Chiharu ta ɗauko sanshin, molon tsibirinmu, tana kaɗa tsirkiyarsa, matasa suka tashi rawa hannuwa a sama. Tomiko ta zuba taliya, ta kwarara romo, aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu har sama. Da ta juyo za ta wanke ludayi sai ta ga kwano ɗaya a kan tebur yana tururi.

Ta ɗaga murya. "Wa bai karɓa ba?"

Babu wanda ya amsa. Ta sake tambaya. Wata budurwa ta ce wataƙila wani ne jirgi ya juya masa ciki. Hattori ya taho da sauri yana murmushi, ya ce kar ta damu, shi zai ƙara da shi.

Tomiko ba ta ko dube shi ba. Ta bi benci tana leƙa fuskoki, ta hau sama ta sauko, ta buga ƙofar bayi ta tura, babu kowa. Ba ta san wa take nema ba sai da ta kai ƙarshen benci kusa da kwandon shara. Shuɗiyar riga ce a ninke tsaf, kamar za a mayar da ita kanti, an ɗora tabarau mai kauri a kai, an danne da takalmi don kar iska ta ɗauke.

"Hattori-san. Ina Kuwabara?"

"Kuwabara?" Ya waiga hagu da dama. "Yana... ai yana tare da..."

"Da wa? A wane sashe yake?"

Sito ba sashe ba ne. Mutum ɗaya ne a can, ba shi da babba a kansa sai kamfanin gaba ɗaya, don haka babu wanda aka tambaya ko nasa sun cika. Hattori ya koma fari fat, ya kama hannunta yana raɗa.

"Iya, a hankali, don Allah. Kar Shugaba ya ji tukuna. Bari mu tabbatar."

Ta fizge hannunta ta haye ɗakin tuƙi, numfashinta na fita sama-sama.

"Juya jirgin nan. Mun bar mutum."

Seiken bai yi gardama ba, a nan kam ɗan ubansa ne. Ya murɗa sitiyari har kwanoni suka zube a ƙasa, ya ba inji wuta. Masu rawa suka faɗa kan juna suna dariya, a zatonsu cikin shagalin ne. Tomiko ta miƙa hannu za ta ɗauki oba-oba, sai ya dafe ta.

"Inna, tsaya. Yana sanye da jar rigar nan, ba zai nutse ba. Ƙila yana riƙe da goran. Mu je mu ɗauko shi shiru."

"In ba ya riƙe da goran fa?"

"In kika yi magana a nan, masu gadin teku suna ji. Kowa yana ji. Za su ɗaure jirgin nan, Inna. Wa zai ƙara hawa jirgin da ya bar mutum?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ya faɗa. Duk abin da uban ya bari yana cikin jirgin nan, da gumin Seiken, da na matarsa. Amma ta san wani abu kuma, wanda shi ma ya sani ya ƙi faɗa. Ruwa yana janyewa, in yana janyewa a wurin nan ta wata kafa yake fita tsakanin duwatsun murjani, da ƙarfin da ba a ja da shi, ya tafi da duk abin da ke kansa zuwa babban teku. Bayan goran nan, inda ruwa ya fara duhu, nan ne bakin kafar. Ita da bakinta ta nuna wa mutumin wurin. Su suna da nisa, masunta kuwa a wannan lokacin suna dawowa ta can.

"Ɗauke hannunka, Seiken."

"Inna."

"Ɗauke, ko in cije shi."

Ya ɗauke. Ta danna, ta yi magana da muryar nan tata da ba ta buƙatar oba-oba.

"Jama'a, Tomiko ce ta gidan Maezato. Mun bar mutum a ruwa a bakin murjanin arewa. Dattijo ne, da jar riga. Ya jima a ciki. Duk wanda ke kusa ya taimaka."

Na'urar ta yi ta shuu, kamar duk teku ya riƙe numfashi. Can sai ga muryar Yasuo, tsohon abokin kamun kifin mijinta, wanda suka yi shekaru suna tsokanar juna a kasuwa.

"Yaya Tomiko? Ke ce kika bar mutum?"

Maganar ta soke ta, don ba da tsokana ya yi ta ba, mamaki ne tsantsa. Ta haɗiye ta ce, "Ni ce. Kana ina?"

"Ina wajen kafa. Na juya."

Wasu biyu suka ce su ma sun juya. Sai wata murya mai sanyi, irin ta ofis, daga masu gadin teku, ta nemi sunan jirgi da sunan mai tuƙi. Seiken ya karɓa ya faɗa, idonsa a kan ruwa, bai dubi uwarsa ba.

A ƙasa kiɗa ya mutu. Chiharu ta ajiye sanshin ta tsaya a goshin jirgi da takalman iyo a hannu, tana kuka tana cewa ita ta ga wani ya ware gefe, ta ɗauka ya dawo. Labari ya kai sama. Shugaba ya sauko da kansa, hula a hannu, ya tambayi Hattori wane ne. Da aka ce Kuwabara sai ya yi jim, ya ce, "Na sito?" Mutane suka yi cirko-cirko a jikin ƙarfen gefen jirgi, giya ta sake su lokaci guda.

Suka hango goran tun daga nesa. Kowa ya zuba masa ido, kowa yana so ya ga wani abu ja a jikinsa. Suka matso, suka matso. Babu komai sai igiya da gansakuka, tana miƙe ta nufi kafa, ruwa yana jan ta kamar ana jan akuya. Seiken ya kashe inji don a saurara, aka yi ta kira, "Kuwabara-san, Kuwabara-san," maza da mata, ita ma ta kira har maƙogwaronta ya yi zafi. Babu amsa sai ruwa yana marin gindin jirgi.

Suka bi kafar suka fita. A waje teku ba irin na ciki ba ne. Launinsa ya koma baƙi-baƙi, igiyar ruwa tana ɗaga jirgi tana saki, abin zamiyar nan yana ta ƙara kamar zai ɓalle. Waɗanda suka sha da yawa suka fara amai. Kowane ɗan lokaci wani zai nuna da yatsa ya ce ga shi can, a je a tarar da jarka ko guntun koma. Rana ta karkata, haskenta ya kwanta a kan ruwa yana kashe ido, daidai ɓangaren da ya kamata a duba. Tomiko ta riƙe ƙarfe da hannu biyu. Ba ta taɓa jin haushin rashin iya iyonta ba sai ranar, ko da yake iyo ba zai yi mata komai ba a nan. Ta kira sunan mijinta a zuci, ta kira kakanni, ta ce ku da kuka san ruwan nan ku riƙe mini shi. Tsoro take ji, tsoro sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da likitan mijinta ya kira ta gefe.

Hattori ya zo ya durƙusa kusa da ita yana cewa laifinsa ne.

"Tashi ka duba ruwa," ta ce. "Laifi ba zai gudu ba, muna da lokacin rabonsa."

Oba-oba ta yi ƙara. Yasuo ne.

"Na ga wani abu ja."

Tomiko ta haye matakala, ta ƙwace na'urar daga hannun ɗanta.

"Yana motsi?"

"Bari in matsa."

Ta tsaya da abin a kunne. Tana jin injin Yasuo ta ciki, tana jin yana tari, tana jin yana zagin igiyarsa da ta harɗe.

"Yasuo. Yana motsi?"

"Mutum ne. Fuskarsa a sama." Can sai ya ƙara da cewa, "Yaya Tomiko, mutumin naku yana ba ni haƙuri."

Ta zauna daɓas a ƙasan ɗakin tuƙi. Seiken ya kifa kai a kan sitiyari.

Da aka haɗa jiragen biyu aka miƙo shi, Kuwabara ba ya iya tsayuwa. Leɓunansa sun tsage sun yi fari, wuyansa ya saɓule inda riga ta yi ta gurzarsa, jikinsa na rawa kamar mazari, idonsa babu tabarau yana ta ƙyafƙyafta. Amma da ya gane farar hular Shugaba sai ya ture hannun Chiharu, ya dafa ƙarfe, ya sunkuya.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Na ɓata wa kowa shagali."

Shugaba ya ce ba komai, ba komai, tunda an same shi. Wani ya fara tafi, saura suka kama. Tomiko ta ji kamar ta ɗauki ludayi ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya biyo baya kowa a tsibirin ya sani. Jami'ai suna jira a tasha. Tomiko ta gaya musu ita ke da alhakin ƙirga mutane kuma ba ta ƙirga ba, ba ta ambaci Hattori ba sai da suka tambaya. Aka ɗaure jirgin har lokacin baƙi ya wuce. Seiken ya koma bin jirgin wani yana kamun kifi, ya daɗe ba ya cin abinci a gidan uwarsa, ko da yake bai taɓa cewa ta yi kuskure ba. A kasuwa an yi ta magana, aka gaji aka bari. In ka tambayi Tomiko duk wannan sai ta ɗaga kafaɗa. Abin da ba ta iya ɗaga wa kafaɗa shi ne maganar da suka yi da mutumin a kan benci, a hanyar komawa tasha.

Ta lulluɓe shi da tawul, ta sa masa tabaransa da hannunta, ta ɗumama romo ta kawo masa. Ta riƙe masa gindin kwanon. Sauran duk sun koma ɗaya gefen, suna magana ƙasa-ƙasa, kowa yana kallon wayarsa.

"Ka ga jirgi zai tashi?" ta tambaye shi.

"Na gani. Ban yi nisa ba a lokacin. Na ji ƙarar inji na ɗago kai."

"To me ya hana ka ihu? Bakinka ciwo yake?"

"Shugaba yana jawabi, Iya. Na ce bari ya gama." Ya kurɓi romo. "Da ya gama kun yi nisa."

Tomiko ta dube shi, ta rasa ko ta mare shi ko ta rungume shi. Ya ce ya ga kunkurun, har biyu, ɗaya ya zo dab da shi. Ya faɗi haka ne don ya faranta mata, ta kuma gane. Sai ya juya kwano a hannu, ya saci kallon abokan aikinsa ta saman tabarau, ya sassauta murya.

"Iya, in tambaye ki mana. Wa ya fara cewa ba na nan?"

Tomiko mace ce da ba ta taɓa sassauta wa kowa gaskiya ba. Ta gaya wa mijinta kifinsa ya kwana, ta gaya wa surukarta miyarta ba gishiri. Ta buɗe baki za ta ce kwano ne ya rage, sai ta ga yadda yake jiran amsar, ya fi yadda ya jira romon.

"Mutanenka mana," ta ce. "Su suka tada hankalin kowa. Wannan ya ce ina Kuwabara-san, wancan ya ce ina Kuwabara-san. Ni ina can kan tukunya."

Ya yi murmushi, leɓensa ya ƙara tsagewa har jini ya ɗan fito. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na gode, Iya," ya ce. "Amma kin ga, ni na san su."

Ya shanye sauran romon, ya tashi da ƙyar yana dafa benci, ya kai kwanon wurin wanki da kansa.